Tambayoyin Gwaji Masu Shakku da Ruɗanin Ƙwararrun Masu Gyaran Kwamfuta a Jarrabawar Satifiket

A watan Maris na 2025 hukumar CompTIA ta Amurka ta fito da sabon zubin jarrabawarta ta A+, wadda tana cikin takardun shaidar da aka fi sani a duniya ga masu gyaran kwamfuta da masu kula da na'urorin ofis. Sababbin takardun biyu suna ɗauke da lamba 220-1201 da 220-1202, kuma a watan Satumba na wannan shekarar aka daina zana tsofaffin, wato 220-1101 da 220-1102. Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, kasuwar tambayoyin gwaji takan yamutse. Wasu masu sayarwa sukan sauya lambar da ke bangon tsohon kayansu kawai su ci gaba da ciniki, wasu su yi shelar cewa sun riga sun samo ainihin tambayoyin sabuwar jarrabawar, wasu kuma su sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zubo musu ɗaruruwan tambayoyi a yini guda ba tare da wani masani ya duba su ba.

Wanda wannan yamutsi ya fi rikitawa shi ne mutumin da ya shekara takwas ko goma yana kwance laftof yana ɗaurawa, yana ja wa ofisoshi kebul, yana tayar da saba (babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogaro da ita) idan ta tsaya da tsakar dare, sannan wata rana ma'aikatarsa ta ce ba za a ƙara masa girma ba sai ya kawo satifiket. Idan ya zauna gaban tambayoyin gwaji, sai ya ga ana ta soke masa amsa a kan aikin da hannunsa ya saba da shi. Daga nan sai ya shiga tambayar kansa: iliminsa ne ya gaza, ko wanda ya rubuta amsar ne ya yi kuskure, ko kuwa jarrabawar ce take da nata tsarin da ya saɓa wa na shago? Dukkan ukun suna faruwa, kuma yawancin asarar da ake tafkawa tana zuwa ne daga kasa rarrabe su.

Yadda ake gina waɗannan jarrabawowi

Satifiket ɗin sana'ar kwamfuta shaida ce da wani kamfani ko wata hukuma ke bayarwa cewa mai ɗauke da ita ya ci jarrabawa a kan wani fanni taƙamaimai, kuma galibi tana da wa'adi. Akwai waɗanda ba su jingina da kayan kowane kamfani ba, irin na CompTIA: A+ da aka fara tun 1993, Network+ ta fannin haɗa kwamfutoci, da Security+ ta fannin tsaro. Akwai kuma na kamfanonin da ke ƙera kayan da kansu, kamar CCNA ta Cisco, da jarrabawowin Microsoft a kan Azure, dandalinta na hayar kwamfutoci da ajiyar bayanai ta intanet, da RHCSA ta Red Hat a kan Linux, babbar manhajar sarrafa kwamfuta irin Windows. Waɗannan ukun na CompTIA da CCNA shekara uku suke yi kafin a sabunta su, su kuwa na Microsoft da aka tsara bisa muƙamin aiki shekara ɗaya ne, ana sabunta su kyauta ta intanet. Mafi yawan waɗannan jarrabawowi ana zana su ne a cibiyoyin kamfanin gudanar da jarrabawa na Pearson VUE, ko a gida ƙarƙashin sa idon kyamara.

Kowace takardar A+ ba ta wuce tambaya 90 a cikin minti 90. Makin ci shi ne 675 a takarda ta farko da 700 a ta biyu, a kan ma'aunin da ya fara daga 100 ya tsaya a 900. Security+ tana neman 750 a kan wannan ma'auni, Microsoft tana neman 700 cikin 1,000, ita kuwa Cisco ba ta bayyana makin cinta. Waɗannan lambobi ba kaso cikin ɗari ba ne, domin tambayoyin ba nauyinsu ɗaya ba, kuma akan cusa wasu sababbi da ba a ba su maki ko kaɗan, ana gwada ingancinsu ne kawai. Saboda haka duk shafin da ya ce wanda ya sami kashi 80 a gwajinsa ya tabbata zai ci, alkawari ne da ba shi da ikon cikawa.

Kafin tambaya ta shiga jarrabawa, akan tara masu aikin a zahiri su zayyana ayyukan da ma'aikaci a wannan mataki yake yi, a fitar da jerin batutuwan da za a tambaya, wanda ake wallafawa kyauta. Daga nan a rubuta tambayoyi, wasu masanan su tace su, a gwada su a kan masu zana jarrabawa, a duba alƙaluma a ga ko tambayar tana iya bambance wanda ya sani da wanda bai sani ba. Wadda ta tsallake wannan tankaɗe ita ke shiga rumbun tambayoyi, kuma daga wannan rumbu ake ɗebo wa kowane ɗalibi nasa kason, yau da gobe da jibi, har tsawon shekarun da zubin zai yi yana aiki. Shi ya sa kafin tambaya ta farko ta bayyana a allo, sai ɗalibi ya amince da yarjejeniyar cewa ba zai bayyana abin da ya gani ba.

Inda al'adar tsofaffin tambayoyi ke yaudarar mutane

Duk wanda ya yi sakandare a Najeriya ko Gana ya saba da littattafan tambayoyin shekarun baya na WAEC, kuma malamai da kansu ke umurtar ɗalibai su saye su. Babu laifi a cikin hakan, domin takardar WAEC ko NECO rana ɗaya ake zana ta, da zarar an tashi ta zama tarihi, shekara mai zuwa sabuwa za a buga. Mutum da ya taso a wannan tsari, idan aka miƙo masa fayil aka ce ga tambayoyin da suka fito a CCNA watan jiya, ba abin mamaki ba ne ya ɗauke su a matsayin tsofaffin tambayoyi irin waɗanda ya sani.

A jarrabawar satifiket lamarin ya sha bamban. Tambayar da ta fito wa wani a Legas watan jiya tana iya fito wa wani a Abuja ko Nairobi gobe, saboda rumbun bai mutu ba. Abin da ake sayarwa da sunan “dumps” tambayoyi ne masu rai da aka kwaso daga ɗakin jarrabawa, ko ta hanyar hadda, ko da ɓoyayyiyar kyamara, ko da haɗin bakin wani a cibiyar. A ma'aunin makarantunmu, matsayinsu ɗaya da takardar da ta fita tun kafin ranar jarrabawa. Hukumomin ma haka suke kallonsu: takardar jerin batutuwan CompTIA tana ɗauke da gargaɗin cewa wanda aka samu ya yi amfani da irin waɗannan kayan za a soke satifiket ɗinsa, a kuma dakatar da shi daga zana jarrabawa.

Kwasassun tambayoyi da amsoshinsu

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wanda ya saci tambaya bai saci amsa ba. Allon jarrabawa ba ya nuna wa kowa amsar da ke daidai. Takardar sakamako maki kawai take bayarwa da fannonin da aka yi rauni. Don haka amsar da ke ƙarƙashin kwasasshiyar tambaya hasashen mai sayarwa ne, ko na wani da mai sayarwar ya biya ladan aiki kaɗan. A wasu shafukan ma ƙuri'a ake kaɗawa, masu karatu su zaɓi amsar da suke ganin ita ce, sai a ga amsar shafin daban, ta masu rinjaye daban, ta wanda ya kawo hujja daga takardun kamfanin kuma daban. Ga kuma matsalar hadda: wanda ya fito daga ɗakin jarrabawa ya rubuto abin da ya tuna yana iya mance kalma ɗaya, alhali a irin waɗannan tambayoyi kalma ɗaya, kamar “ba” ko “da farko”, ita ke juya amsar gaba ɗaya.

Tambayoyin da ba a sata ba amma ba su inganta ba

Idan kwasassun tambayoyi su ne kashi na farko na tambayoyin gwaji masu rikitarwa, kashi na biyu ya fi yawa a yau. Waɗannan ba wanda ya sace su, sai dai ko sun tsufa ko an rubuta su da sakaci. Misalai suna da yawa. Tsofaffin littattafan A+ suna koyar da matakai shida na yadda firintar leza ke bugawa, na baya-bayan nan kuma bakwai, da sunaye daban. Kebul ɗin Cat 6 yana ɗaukar gudun gigabit 10 ne zuwa kusan mita 55 kawai, Cat 6a ne ke kaiwa mita 100, amma ba wuya a ga tambayar gwaji ta cakuɗa su. Microsoft ta sauya sunan Azure Active Directory, tsarinta na tantance masu shiga asusu, zuwa Entra ID a 2023, ta kuma kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma duk tambayar da aka rubuta kafin waɗannan sauye-sauye tana iya koyar da abin da ya shuɗe. Cisco ma ta haɗe rassan CCNA zuwa jarrabawa ɗaya mai lamba 200-301 a Fabrairun 2020, ta kuma yi mata kwaskwarima a Agustan 2024, amma tambayoyin zubin da ya gabace ta ba su daina yawo a wayoyin mutane ba.

Tun bayan yaɗuwar manhajojin ƙirƙirarriyar basira daga ƙarshen 2022, wannan kashi ya ƙara kumbura. Irin waɗannan manhajoji suna iya rubuta tambaya mai kyan gani, da zaɓi huɗu, da bayani mai gamsarwa a ƙasa, alhali zaɓi biyu duk daidai ne, ko umurnin da aka ambata babu shi sam a na'urar da ake magana a kanta. Hatsarinsu ya fi na tsofaffin tambayoyi ta fuska ɗaya: bayanin da ke biye da amsar yakan zo da tabbaci da tsari, har mai karatu ya ji nauyin musanta shi.

Tambayoyin da ke daidai amma suka saɓa wa aikin shago

Kashi na uku shi ne ya fi muhimmanci ga ƙwararre, domin a nan ne yakan zargi tambaya alhali tambayar ba ta da laifi. A ɗauki kwamfutar da bairos ya kama. Mai gyara a Farm Centre ta Kano ko a Computer Village ta Ikeja, abin da ya saba shi ne ya kwashe wa mai ita fayilolinsa, ya goge komai, ya ɗora sabuwar Windows, cikin awa biyu an gama, kuma a yanayinsa wannan dabara ce mai kyau. Jerin batutuwan 220-1102 kuwa matakai bakwai ya shimfiɗa a jere: a tabbatar da alamomin cutar, a ware na'urar daga sauran, a kashe System Restore (tsarin Windows na mayar da kwamfuta yanayinta na baya), a sabunta manhajar kariya a share cutar, a tsara bincike da sabuntawa na lokaci-lokaci, a mayar da System Restore a kafa sabon wurin komawa, sannan a wayar wa mai amfani da na'urar kai. Idan tambaya ta ce an tabbatar da cutar, me ma'aikaci zai yi na gaba, amsar ita ce ya cire na'urar daga netiwok, ko da kuwa gogewa ce za ta zama ƙarshen lamarin.

Dalilin wannan bambanci shi ne jarrabawar tana hango ma'aikaci a cikin kamfani mai ɗaruruwan kwamfutoci a kan netiwok ɗaya, inda cutar na'ura guda ke iya bazuwa kafin a gama neman filashin Windows, inda ba a taɓa saba sai an sami izini a rubuce, inda ake tambayar lasisin kowace manhaja, kuma ba a sauya wa mutum kalmar sirri sai an tabbatar shi ne. Mai shago shi ne shugaban kansa, hukuncinsa a hannunsa yake, don haka tambayoyin da ke neman a sanar da na gaba, a rubuta rahoto, ko a ajiye kwafin bayanai kafin a taɓa komai su ne suka fi kayar da shi. Wannan giɓi ne na gaske a iliminsa idan aikin kamfani yake nema, kuma tambayar gwaji mai inganci alheri take yi masa da ta fito da shi fili.

Akwai kuma wuraren da ƙwararre ya riga jarrabawar gaba. Tun 2017 NIST, hukumar tsara mizanan fasaha ta Amurka, ta ba da shawarar a daina tilasta wa mutane sauya kalmar sirri bayan kowane 'yan watanni idan babu alamar an sace ta, amma jerin batutuwan Security+ na 2023 ya ci gaba da ambaton wa'adin ƙarewar kalmar sirri cikin abubuwan da ake tambaya. Wanda ya san sabuwar shawarar dole ya karanta tambayar da kyau ya gane a wane yanayi aka ɗora ta.

Daga nan ne babbar illar take fitowa. Bayan ƙwararre ya gano sau biyu ko uku cewa jarrabawa tana da nata tsarin tunani, sai ya fara janye amincewa daga kansa gaba ɗaya. Idan ya ci karo da amsar da ya san kuskure ce ƙarara, sai ya ce wataƙila haka su suke so, ya haddace ta. Sabon shiga da ya haddace kuskure ya ƙara jahilci ne a kan rashin sani, shi kuwa ƙwararre ya goge ilimi sahihi ne ya ɗora gurɓatacce a gurbinsa, kuma yana iya komawa da shi bakin aiki.

Asalin matsalar

Wannan ba sabon abu ba ne. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da satifiket ɗin MCSE na Microsoft ke buɗe ƙofar albashi mai tsoka a Amurka da Turai, masu ɗaukar ma'aikata suka fara kukan mutanen da ke da takarda amma ba su iya kafa saba ba. A 2002 wani mutum a jihar Washington ya amsa laifin satar sirrin kasuwanci a gaban kotun tarayya saboda sayar da tambayoyin jarrabawar Microsoft ta intanet, aka kuma ɗaure shi. A 2006 Microsoft ta maka shafin TestKing a kotu kan irin wannan zargi. Shari'o'in ba su kashe kasuwar ba, saboda shafin da aka rufe yau yakan buɗe gobe da wani suna daga wata ƙasa.

Abin da ke raya kasuwar shi ne satifiket ya zama sharaɗi a wurare da dama. A 2005 Ma'aikatar Tsaron Amurka, ƙarƙashin ƙa'idarta ta wancan lokaci mai lamba 8570, ta wajabta wa ma'aikatan da ke kula da tsaron kwamfutocinta, har da na 'yan kwangila, su riƙe satifiket irin su Security+, abin da ya sa ɗimbin tsofaffin ma'aikata suka koma karatu a kan dole. Cisco da Microsoft kuma suna la'akari da yawan ma'aikata masu satifiket kafin su ba kamfani matsayin abokin hulɗa, don haka kamfanonin da ke neman kwangila a Legas ko Akra suna matsa wa injiniyoyinsu su ci jarrabawa cikin ƙayyadadden lokaci. Mutumin da aka ba wata ɗaya, ga aiki ga iyali, shi ne ainihin kwastoman masu sayar da kwasassun tambayoyi.

Matsayin ɓangarori

Masu kare amfani da kwasassun tambayoyi suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Suna cewa su aikin sun iya shi, takardar shinge ce kawai da ofishin ɗaukar ma'aikata ya gindaya. Suna cewa jarrabawar tana tambayar lambobin tashoshin sadarwa da sunayen mahaɗan kebul da kowa ke dubawa a waya cikin daƙiƙa goma idan yana bakin aiki. Suna kuma nuni da cewa hukumar da ke shirya jarrabawa ita ce ke sayar da littafin hukuma da gwajin hukuma, ita ke karɓar kuɗin sake zama, ita ke karɓar na sabuntawa. Wannan ƙorafi ya ƙara ƙarfi bayan sanarwar da aka yi a Nuwamban 2024 cewa kamfanonin zuba jari H.I.G. Capital da Thoma Bravo za su sayi sashen jarrabawa da horarwa na CompTIA, wanda a da yake ƙarƙashin ƙungiyar da ba ta neman riba. Ga waɗanda Ingilishi ba harshen uwa ba ne gare su, akwai ƙarin kuka cewa dogayen tambayoyin suna auna fahimtar harshe fiye da sanin na'ura.

Hukumomin jarrabawa suna amsawa da cewa darajar takardar ta dogara ne kacokan a kan cewa wanda ya riƙe ta bai ga tambayoyin ba tun da wuri. Idan wannan ya rushe, takardar kowa ta rushe, har ta wanda ya yi karatu tsakani da Allah. Suna ƙarawa da cewa kowace tambayar da ta fita waje sai an kashe kuɗi an maye gurbinta, kuma wannan kuɗi a kan masu zana jarrabawa yake komawa. A kan hujjar “na iya aikin” kuwa, amsarsu ita ce wanda ya haddace amsa ba shi da hanyar sanin ko ya iya ɗin, tunda abin da zai auna shi ne ya kauce wa.

Akwai ɓangare na uku, galibi malaman horarwa da shugabannin sashen kwamfuta, waɗanda suka yarda satar tambaya laifi ce amma suke ɗora wani kason alhakin a kan tsarin jarrabawar. A ganinsu duk jarrabawar da ta dogara da zaɓin amsa daga rumbun da zai shekara uku tana gayyatar sata ne da kanta. Suna kafa hujja da RHCSA, inda ake ba mutum na'ura ya yi aikin da hannunsa, da kuma gwajin CCIE, satifiket ɗin manyan ƙwararru na Cisco, na awa takwas a gaban na'urori, inda hadda ba ta kai mutum ko'ina. Hujjar masu kare kwasassun tambayoyi ta fi ƙarfi a kan tsada da ingancin wasu tambayoyin, amma ba ta amsa batun yarjejeniyar da mutum ya amince da ita ba, ba ta kuma amsa batun amsoshin da ba su da tushe ba.

Kuɗi, hukunci da abin da ke shafar jama'a

A Najeriya tsoron faɗuwa yana da farashi bayyananne. Kuɗin CCNA dala 300 ne, kowace takardar A+ a farashin Amurka ta haura dala 250, Security+ kuma ta haura dala 400. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A wannan farashi CCNA ta kai naira 450,000, wato fiye da albashin wata shida ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Wanda ya faɗi sai ya sake biya cikakke, bayan jiran kwana biyar a tsarin Cisco. Wannan ne ke sa fayil ɗin da ake sayarwa da 'yan dubbai ya yi kama da inshora.

Sai dai hukumomin ba sai sun kama mutum da takarda a aljihu ba. Cisco da Microsoft sun bayyana a ƙa'idojinsu cewa suna binciken alƙaluman jarrabawa, kuma suna iya soke sakamako a kan abin da binciken ya nuna. Alamomin da masana tsaron jarrabawa ke dubawa sanannu ne: mutum ya amsa doguwar tambaya cikin daƙiƙun da ba su isa karanta ta ba, ko ya ci tsofaffin tambayoyi duka ya faɗi sababbin da ke kan batu ɗaya, ko kurakuransa su zo daidai da kurakuran da ke cikin fayil ɗin da ke yawo. Wannan na ƙarshe yana nufin gurɓatacciyar amsa tana cutar da mai ita sau biyu, ta rage masa maki, ta kuma tona shi. Hukuncin yana kamawa daga soke sakamako zuwa haramta zana jarrabawar kamfanin, kuma ga wanda ya riga ya tara satifiket da guminsa, asarar tana iya shafar har waɗanda ya samu a baya. Masu tallar cewa za su zana wa mutum jarrabawa daga nesa, ko su sa sunansa a rumbun kamfani ba tare da ya zauna ba, laifinsu ya fi wannan girma, kuma da yawansu damfara ce zalla.

Ga sauran jama'a, illar ba ta fitowa nan take. Tana bayyana ne a ranar da netiwok ɗin asibiti ko na reshen banki ko na cibiyar jarrabawar kwamfuta ya tsaya, wanda aka ɗauka saboda takardarsa ya kasa gano inda matsalar take. Tana kuma bayyana a kasuwar aiki, domin idan masu ɗaukar ma'aikata suka sha ganin takarda ba aiki, sai su daina yarda da ita, su koma neman wanda suka sani ko wanda aka kawo musu. Wanda wannan ya fi cuta shi ne matashin da ba shi da uwa a gindin murhu, wanda ya tara kuɗin bauca, wato tikitin zana jarrabawa, da ƙyar da fatan takardar za ta yi masa magana a inda ba a san shi ba.

Yadda ake rarrabewa

Kwasassun tambayoyi suna da alamomi: alkawarin ci ɗari bisa ɗari, shelar cewa ainihin tambayoyin jarrabawa ne, rashin sunan marubuci ko adireshin kamfani, shafi ɗaya yana sayar da tambayoyin ɗaruruwan jarrabawowi na fannoni daban-daban, da amsa ba tare da bayani ba. Gwaji mai inganci yakan faɗi lambar zubin da aka rubuta shi dominsa, ya danganta kowace tambaya da sashenta a jerin batutuwan hukuma, ya bayyana dalilin da ya sa sauran zaɓin uku ba daidai ba ne, ya kuma samar da hanyar kai ƙorafin kuskure. CompTIA tana da nata mai suna CertMaster, Microsoft ta fara ba da gwaji kyauta a dandalinta na Learn a 2023, akwai kuma kamfanoni irin su MeasureUp da Boson da ke rubuta nasu tambayoyin.

Ko a gwaji mai inganci ana samun kuskure, kuma a nan ƙwararre yake da abin da sabon shiga ba shi da shi. Idan amsa ta saɓa wa abin da ya sani, yana iya komawa takardun kamfanin da ya ƙera na'urar, ya kuma gwada abin a aikace a Packet Tracer, manhajar Cisco ta kwaikwayon netiwok, ko a kwamfutar gwaji cikin manhajar VirtualBox, waɗanda duka kyauta ne. Idan gwajin ya ba shi gaskiya a kan lamarin fasaha tsantsa, kamar tsawon kebul ko sakamakon umurni, tambayar ce ta lalace. Idan saɓanin a kan jerin matakai ne ko wanda ya kamata a sanar, sai ya duba jerin batutuwan hukuma, domin a nan galibi jarrabawar ce ke da hujja.

Su ma jarrabawowin suna karkata zuwa inda ƙwararre ya fi ƙarfi. CompTIA tana sa tambayoyin aiki inda ake ba ɗalibi allo ya saita na'ura ko ya gyara matsala, CCNA tana ɗauke da irinsu, kuma daga 2023 Microsoft ta bar masu zana jarrabawowinta na muƙamin aiki su buɗe dandalin Learn a cikin ɗakin jarrabawa ba tare da an ƙara musu lokaci ba, abin da ke rage amfanin haddar lambobi, ya fifita wanda ya san inda ake neman abu. Tambayoyin zaɓi dai ba su ɓace ba, kuma tunda CompTIA ta saba sauya zubin jarrabawowinta kusan kowace shekara uku, duk wanda zai sayi gwaji ko bauca yana bukatar ya fara duba lambar zubin da ranar da za a rufe shi a shafin hukumar kafin ya biya.